Shagon hayar littattafan yara a Birnin Kebbi: dodanni cike da katan, sai dai duk baƙi ne

Masu ta tambayata inda nake samo wa yara littattafan nan na farautar dodanni, to ga bayanin gaba ɗaya in huta da amsa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan shago ne a gefen babbar kasuwar Birnin Kebbi, cikin layin masu kayan makaranta. Ba zan kama suna ba don akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, kuma mai shagon dattijo ne ina ganin girmansa. In maki kuke so tun yanzu, bakwai na ba shi cikin goma, kuma biyar daga cikin bakwai ɗin ga na Malam ne shi kansa, ba na kayan da ya jibge ba.

Daga waje ba abin da zai nuna maka akwai littafin labari a ciki. Littafin rubutu ne dozin dozin, biro, jakar makaranta rataye a ƙusa, tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, ga injin fotokofi ya cinye rabin wurin, ga yaron shago da na'urar POS a bakin ƙofa. Sai ka kutsa can ƙurya ka wuce injin sannan ka ga katan katan a ƙasa da ƴar kanta ta katako, nan ne wurin yara. Gwanjo ne kusan duka, Malam ya ce daga Legas ake turo mishi a buhu, kuma da ka buɗe ka san daga Ingila suka taso don wasu har yanzu da hatimin laburaren makarantar firamare ta can a shafin farko, wani ma da sunan yaron da ya taɓa mallakarsa an rubuta da fensir mai launi, da ƴar sitika ta tauraro. Bango ya sha salatif, takarda ta yi ja, amma ana karantawa sarai.

Tsarin kuwa haya ne irin wanda muka sani tun zamanin da muke ƴanmata muna karɓo littattafan soyayya a ɓoye cikin hijabi. Ka ajiye dubu ɗaya kuɗin ajiya, kowane littafi naira 200 na sati guda, a rubuta sunan yaro da ajinsa da lambar uba ko uwa a wani dogon rijista mai baƙin bango. In kana son saye ma ana sayarwa amma ni ban ba kowa shawara ba, don irin waɗannan littattafai yaro kwana biyu yake cinye ɗaya ya dawo yana ce maka saura na gaba, in ka ce saye za ka yi to albashi bai kaiwa ashirin ga wata.

Abin da ya sa na ce Malam shi ne shagon, ga yadda yake yi. Ba ya barin yaro ya ɗauki littafi don hoton bango kawai. Ɗana na tsakiya, ɗan aji huɗu, ya ɗauko wani ƙato mai zanen maciji mai kai da yawa ya rungume, Malam ya sauke tabarau ya ce "zo nan ɗan Baba, buɗe tsakiya ka karanta muna shafi guda, duk kalmar da ta gagare ka ka naɗe yatsa ɗaya". Yaro bai kai rabin shafi ba hannu ya dunƙule gaba ɗaya. Malam bai yi mishi dariya ba bai ce komai ba, ya karɓa ya ajiye a saman kanta ya ce wanga na nan yana jiranka zuwa babban hutu, ya jawo wani siriri mai manyan haruffa da zane kusan kowane shafi biyu ya ce gwada wannan. Yatsa biyu kawai ya naɗe. Ya dube ni ya ce "Hajiya in littafi ya fi ƙarfin yaro ba littafin zai tsana ba, karatun zai tsana". Ni dai na biya 200 ɗina ina jin kamar in ƙara mishi.

Siririn nan cikin jerin Beast Quest yake, kuma su ne suka fi yawa a katan ɗin, su ne kuma yaran firamare ke rububi. Daga Ingila suke, an fara fitar da su a 2007, yanzu sun haura ɗari, sunan marubuci ɗaya ne a bango wato Adam Blade amma sunan aro ne, marubuta da yawa ne ke rubutawa a ƙarƙashinsa, kuma wallahi in ka karanta uku za ka gane haka ba sai an gaya maka ba. Labarin wani yaro ne Tom da abokiyar tafiyarsa Elenna, shi da doki da takobi da garkuwa, ita da kwari da baka da kyarkeci, suna yawo cikin wata ƙasa ta almara mai suna Avantia. Kowane littafi dodo guda. A na farkon akwai abin da ya burge ni, dodannin ba miyagu ba ne, masu gadin ƙasar ne wani mugun matsafi ya yi musu asiri suka juya suna ɓarna, to aikin yaron ba kisa ba ne, ya kai ga dodon ne ya karya asirin ya sake shi. Wannan ya fi mani a ce kullum sare kai ake yi. Amma fa gaskiya tuwon jiya ne ake ta ɗumamawa, a canza wa dodo suna da launi, yau na wuta gobe na ruwa jibi na dutse, a bi hanya a sha wuya a kusa mutuwa a babi na takwas a yi nasara a na goma. Babba ba zai iya biyar a jere ba. Yaro ɗan shekara takwas kuwa maimaicin nan shi ne daɗin, ya san inda za a je saboda haka Turancin bai ba shi tsoro, kalmar da ya gani a na ɗaya zai sake cin karo da ita a na biyu har ta zauna. Na ga wannan da idona, yaron da sai an yi faɗa yake buɗe littafin makaranta yanzu shina kwance kan tabarma da tocilan an ɗauke wuta ana kiran sa cin abinci yana cewa saura shafi ɗaya Mama.

Wani abu da ya ɓata wa yara rai, a asali littattafan na zuwa da katin dodo a ciki wanda ake cirewa a tara, to na gwanjo duk an yage, sai gurbin kawai. Yaran layinmu da suka gane haka sai suka koma yanka kwalin sabulu suna zana nasu suna rubuta ƙarfin kowane dodo da lamba suna musaya, har rigima ta tashi kan wai wani ya ba dodonsa ƙarfi dubu ba bisa ƙa'ida ba.

Sai na manyan yara, ƴan aji shida zuwa ƙaramar sakandare. A nan Percy Jackson ne sarki, kuma a nan ne nake son iyaye su buɗe kunne. Marubucin Rick Riordan tsohon malamin makaranta ne a Amurka, labarin ya faro ne a matsayin hirar dare da yake wa ɗansa mai fama da wahalar karatu, shi ya sa jarumin ma ya yi shi yaro ɗan shekara 12 wanda haruffa ke rikice mishi kuma bai iya zama wuri ɗaya a aji. Na farko ya fito a 2005, jerin farko littafi biyar ne ya ƙare a 2009. Rubutun ya fi na Beast Quest nesa ba kusa ba, akwai ban dariya, akwai abota ta gaske, dodannin kuma daga tatsuniyoyin Girkawan da aka kwaso su, mai kan bijimi da jikin mutum, da matar nan mai gashin macizai wadda duk wanda ya haɗa ido da ita zai zama dutse. To amma ginshiƙin labarin shi ne wai yaron ɗan ɗaya daga cikin gumakan Girkawa ne, allolinsu na da can, suna aure suna haihuwa suna gaba da juna. Ga gidan Musulmi wannan ba abin da za a miƙa wa yaro a juya baya ba ne. Abin da na yaba, Malam bai ɓoye ba don ya ci 200. Kafin ya rubuta wa babbar ɗiyata a rijista sai da ya ce "Hajiya wanga akwai zancen gumaka a ciki, in kin yarda ki zauna da ita ki yi mata bayani, in ba ki da lokaci ga wani". Na san iyayen da suka ce a'a sam, kuma ban ga laifinsu ba. Ni na bar babbar ta karanta don ta yi nisa a Islamiyya, ta san tauhidinta, muka zauna na ce mata wannan tatsuniyar mutanen da suka bauta wa gumaka ce kamar yadda ake ba ku labarin Lata da Uzza a darasin sira, ki ɗauki labarin ki bar musu shirmensu, ta ce Mama ai ko su a littafin ba su da mutunci kullum cikin faɗa suke. Ƙaninta kuwa ban ba shi ba tukuna, ba don Turanci kaɗai ba.

Yanzu ga inda maki ukun nan suka zube.

Na ɗaya jerin ba ya cika. Za ka samu na ɗaya da na biyu da na biyar, babu na uku da na huɗu, kuma labarin a sarƙe yake, yaro ya tsallaka ya tarar an riga an samu wani makami an rasa wani aboki bai san ta yaya ba. In ka tambaya sai a ce buhu na hanya, buhun ga tun kafin azumi yake hanya. Na biyu ba a duba littafi kafin a bayar, mun taɓa kai ɗaya gida ashe shafukan ƙarshe babu, daidai inda aka shiga kogon dodon labari ya yanke, ranar kuka na sha har da birgima. Da muka mayar kuma yaron shago ne a wurin Malam ya fita, ya tsaya kai da fata wai mu muka yage sai an cire daga kuɗin ajiya, alhali ga tsohon salatif nan a gindin shafin ya yi baƙi da ƙura kowa ya gani ya san yagar ta girmi zuwanmu. Sai da Malam ya dawo ya duba ya ce a bar maganar. Yaron nan dai matsala ne, in shi kaɗai ne farashi na iya zama 300, kuma bai san komai a kan littattafan ba, ka ce mishi na dodon ruwa ya miƙo maka littafin lissafi idonsa na kan waya. Ga ƙura, katan a ƙasa lokacin hunturu sai ka kaɗe littafi kafin ka buɗe, na ga gara ta fara cin na ƙasan wani katan ɗin. Zafin watan Afrilu na garin ga kuma kun san shi, ƙuryar babu taga, in babu wuta minti biyar ba ka yi. Wurin zama benci ɗaya ne.

Duk waɗannan ƙananan abu ne a wurina, babban shi ne rashin na Hausa na yara. Na ce Malam ina namu? Ya nuna mani wani ɗan layi a ƙarshen kanta, Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, bugun Zariya, shi ke nan. Ba raina su nake ba, su suka raine mu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, kuma Ganɗoki ai jarumin yaƙi ne da ya bar fagen fama da Turawa ya faɗa duniyar aljannu, Iliya na Ahmadu Ingawa kuma yaro ne da ya tashi bai iya ko tafiya sannan ya samu ƙarfin da ba mai tarar sa. In dai zancen jarumi da abin tsoro ne mun riga mun ga irinsa. Amma ku lissafa, littafin da aka rubuta shekara casa'in da suka wuce shi ne har yau muke miƙa wa ɗan shekara tara, Hausar ta yi mishi nauyi, rubutu ƙanana, zane sai ka yi tafiya kafin ka ga ɗaya, a gefe kuma ga na Turawa da dodo mai aman wuta a bango yana sheƙi. Wa kuke jin zai ɗauka? Sauran na Hausa da ke shagon kuwa littattafan yaƙi ne na ƴan Kano masu sadaukai da matsafa da aljannu, waɗanda samari ke so, na buɗe ɗaya na ga yadda ake kwatanta jini da surar gimbiya na mayar na rufe, ba na yara ba ne. Wato yaro ya tashi daga ga ta nan ga ta nanku a gaban kaka, sai ya yi tsalle ya dira kan na manya, tsakani babu komai, daga shekara 8 zuwa 12 fili ne fetal. Wannan ba laifin Malam ba ne, ya ce in akwai a kasuwa shi zai fara sarowa, amma ni mai biya dole in faɗa.

Abin na ci mani rai ne don ba kayan labari muka rasa ba. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura me ya rage mishi? Ga gari an hana shi ruwa sai ranar Juma'a, ga baƙo ya iso da dare da wuƙar da maƙera suka ƙera mishi a Gaya, ya sare kan maciji ya ɓoye, gari ya waye masu ƙarya suka yi ta cewa su ne suka kashe har aka ce to a kawo kan. Wanne littafin Ingila ya fi wannan tsari? Ga Dodo na tatsuniya da ke haɗiye gari guda sai auta ya farke cikinsa kowa ya fito. Mu nan Kabi ma ai ruwa muke da shi da abin da ke cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu lokacin bikin kamun kifi, bikin da ake yi tun 1934, ya ga dubban mutane da homa da gora sun jeru suna jiran a ba da alama, ya ji yadda ake cewa ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya yi abin da zai yi kadoji su ba da wuri, ya ga giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi kan sikeli, ya san akwai littafi goma a wurin. A ce ɗan masunci ɗan shekara 11 da ƙanwarsa cikin kwalekwale, wani abu na cinye kifin fadama yana kifar da jirage, manya sun kasa, su bi ruwa har Yawuri inda dorina take. A sa su shiga gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar nan da aka mayar gidan tarihi a 1958, su ga masu da takubba da sulke da tambura, a ce a cikinsu akwai wanda ake nema. A sa ganuwar Surame, tsohon birnin Kanta, da dare. Yaran nan da ke zana dodo a kwalin sabulu za su kwana a layi.

Na faɗa wa Malam haka ya yi dariya ya ce "to Hajiya ke mi ya hana ki rubuta", na ce ni da ke fama da aiki da tukunya, ya ce duk haka kowa ke cewa. Amma akwai abu guda da yake yi wanda ya ɗan rufe gurbin, kuma kyauta ne. Ranar Asabar da hantsi in yara sun taru mayar da littafi, yakan sa wanda ya gama ya tsaya ya ba sauran labarin da Hausa, ba a yarda ya duba littafi ba. A nan yake gane wanda ya karanta da wanda ya kalli zane kawai. Ku zo ku ji yadda ake mayar da dodon Ingila ɗan gida, wani yaro na ji yana cewa "sai dodon ya taso mishi haikan, wuta na fita ta hancinsa, Tom ya ce yau ko ni ko kai", har da buga ƙafa, masu jiran fotokofi duk sun juyo suna saurare, wani mai kabukabu ya kashe mashin ya tsaya. Wanda ya fi iya bayarwa Malam na yafe mishi kuɗin hayar sati. Ɗiyata ba ta yarda ta tsaya gaban maza ba, sai ya ce ta rubuto nata a takarda da Hausa ya karanta, ya gyara mata da jan biro ya mayar mata.

In za ku je, ku je Asabar kafin azahar, lokacin Malam na nan da kansa, don in ya tafi sallah wani sa'in sai bayan la'asar. Ku tafi da yaron, kar ku zaɓo mishi daga ofis. Ku buɗe shafin ƙarshe a gabansu ku tabbatar labari ya ƙare, in akwai yaga a rubuta a rijista kafin ku fita. Ku riƙe tsabar kuɗi don taransfa a ƙuryar nan sai an fita waje an ɗaga waya sama. Wanda yaronsa bai kai aji uku ba ya dakata, babu abin da ya yi daidai da shi a katan ɗin in ba karanta mishi za a riƙa yi ba. Masu zuwa daga Jega ko Kalgo ko Argungu kuma ku yi magana da Malam kai tsaye, yana yarda a ɗauki uku a riƙe sati biyu in an ƙara kuɗin ajiya zuwa dubu biyu, amma yaron shago zai ce muku babu wannan tsarin.